Ɗan Tafa, Masanin Falsafa na Daular Sakkwato

An haifi Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, a 1804, shekarar da kakansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu. Mahaifiyarsa Khadija 'yar Shehu ce, malama. Mahaifinsa Malam Tafa kuwa almajirin Shehu ne kuma magatakardansa. A wurinsu ya fara karatu, sannan ya zurfafa cikin sufanci a hannun kawunsa Muhammadu Sambo. Baiwa daga Allah take, amma tasa ta sami gidan da ya raine ta, inda tawada da alƙalami ba sa nisa da tabarmar uwa.

Yana wajen shekara 20 ya rubuta Raudatul Afkar, tarihin ƙasar Hausa da sarakunan Gobir. Sai dai abin da ya fi bambanta shi da malaman zamaninsa shi ne falsafa. Yawancinsu fiƙihu da tauhidi da sha'anin mulki suka sa a gaba. Shi kuwa ya shiga tambayar asalin halitta, da rai, da iyakar da hankali zai iya kaiwa. A littafinsa Futuhatur Rabbaniyya ya auna maganganun masana falsafa da ma'aunin wahayi, ya kuma yi aiki a kan Insanul Kamil na Abdulkarim al-Jili. Wannan ilmi ne da malamai da dama ke ɗari-ɗari da shi, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta Uhud wal Mawasiƙ yana bayyana sharuɗɗan da ya ɗaukar wa kansa wajen koyar da shi.

Baturen Jamus Heinrich Barth ya sadu da shi a 1853, ya kuma shaida cewa a malaman Sakkwato na lokacin babu kamarsa.

Ya rasu a 1864. Makarantar gidansu a Salame take, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 sojojin Faransa suka ƙone garin, littattafai masu yawa suka salwanta. Waɗanda suka tsira, akasarinsu har yau rubutun hannu ne da Larabci. Ya kamata malaman jami'o'in Sakkwato da Damagaram su fassara su zuwa Hausa, domin ɗalibi ya karanta Ɗan Tafa da harshensa.