Shuɗin Allo: Daga 1998 Zuwa 2024

Duk wanda kwamfuta ta taɓa cinye masa babi guda ya san zafin shuɗin allo. To, ba a kanmu aka fara ba.

Ranar 20 ga Afrilu 1998, a bikin baje kolin COMDEX na Chicago, Bill Gates na tsaye ana tallata Windows 98. Ma'aikacinsa Chris Capossela ya jona sikana. Kwamfutar na ƙoƙarin ɗora direbanta, wato 'yar manhajar da ke yi wa na'ura tafinta da Windows, sai allo ya rikiɗe shuɗi a bainar jama'a.

Bayan shekara 26, ranar 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure ga manhajarsa ta tsaro, wadda direbanta ke aiki a can ƙuryar Windows. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 suka durƙushe. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki. Maganin kuwa, a shiga Safe Mode a goge fayil ɗin da ya lalace.

A duka biyun, baƙon da ya shigo ƙarshe shi ne mai laifi. Don haka idan tamu ta fara mutuwa, mu tuna me muka jona ko muka sabunta, mu cire shi. In ta ci gaba har a Safe Mode, mu zargi RAM ko zafi. Amma kafin komai, mu kwafe littafinmu a filasha.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.