Jinkirin ɗaukar gudu a motar otomatik ta hannu

Jinkirin ɗaukar gudu matsala ce da ake samu a mota, inda direba zai taka totur amma motar ta yi ɗan tsaiko, ko ta shaƙe, ko ta yi fizga kafin ta fara jan hanya yadda ya kamata. Tsaikon kan ɗauki daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa daƙiƙa biyu ko uku. Alama ce da abubuwa da dama kan haifar, tun daga toshewar matatar iska har zuwa cinyewar kuloch a cikin giyabos. A motar otomatik binciken ya fi wuya, domin na'ura ce ke zaɓar giya, saboda haka laifin inji da na giyabos kan zo wa direba da kama ɗaya. Matakin farko na kowane bincike shi ne tantance wanne daga cikin biyun ke da laifi kafin a sayi wani kayan gyara.

Matsalar ta shafi lafiyar matafiya, musamman lokacin wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu ko shiga shataletale. Ta kuma shafi aljihu, domin akan sauya giyabos gaba ɗaya a kan laifin da fulogi ko sensa ɗaya ya jawo.

Yadda mota ke amsa totur

A tsofaffin motoci waya ce ke haɗa totur da maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. A yawancin motocin zamani babu wannan waya. Sensa ce ke karanta yadda aka taka totur, ta aika wa kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira birenbos, ita kuma ta umarci wani ƙaramin moto ya buɗe maƙogwaron. Kwamfutar na auna iskar da ta shiga, sannan ta ba nozul umarnin fesa fetur daidai da ita. Injin fetur ya fi ƙona mai da kyau idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Idan aka taka totur farat ɗaya iska na ƙaruwa nan take, kuma idan fetur ko tartsatsin fulogi ya gaza biyo ta, sai injin ya shaƙe.

Daga inji, ƙarfin na bi ta tok-kwanbata, wani ƙarfe mai siffar ƙwarya cike da man giya, wanda ke yin aikin da kuloch ke yi a motar manuwal. Daga nan ya shiga giyabos, inda matsin man giya ke damƙe kuloch-kuloch na ciki domin sauya giya.

Jinkirin da ba lalacewa ba ne

Ba kowane tsaiko ke nuna matsala ba. Idan direba ya danne totur yana cikin tafiya, giyabos na buƙatar ɗan lokaci ya sauko zuwa ƙaramar giya. Injin da ke da turbo kan jira hayaƙi ya juya turbon kafin ƙarfi ya zo. Giyabos nau'in CVT, wanda ke amfani da bel ko sarƙa tsakanin fuli biyu, yakan bar inji ya yi ƙara kafin gudu ya biyo baya. Tsarin tattalin mai na ECO ma yana rage saurin amsa totur da gangan. Haka kuma motoci da yawa na yanke totur idan suka ga an taka shi tare da burki, abin da kan faru da direban da ke tuƙi da ƙafa biyu.

Wasu giyabos kuma an san su da wannan hali tun daga masana'anta. Giyabos mai kuloch biyu na PowerShift da kamfanin Ford ya sa a Fiesta ta 2011 zuwa 2016 da Focus ta 2012 zuwa 2016 ya jawo ƙorafin karkarwa da jinkiri, har masu motocin suka kai ƙarar haɗin gwiwa a Amurka.

Raba laifin inji da na giyabos

Mafi sauƙin abin gwaji shi ne agogon juyin inji da ke dashbod. Ana tuƙa motar a hanya marar cunkoso, a taka totur, a lura da allurar agogon.

Idan allurar ta tsaya cik, ko ta ɗan faɗi, ko ta riƙa rawa kafin ta hau, injin ne ya kasa ba da ƙarfi. Laifin na wajen iska, fetur, wutar fulogi ko hanyar hayaƙi.

Idan allurar ta hau da sauri, injin ya yi kuka amma gudun mota bai ƙaru ba, sai daga baya giya ta kama da bugu, giyabos ne ke zamewa.

Lokacin da matsalar ke bayyana ma yana ba da haske. Jinkirin da ke zuwa da sanyin safiya ya ɓace bayan inji ya yi zafi kan danganta da sensar zafin ruwa ko ɓarakar iska. Wanda ke zuwa a kan hawa ko da kaya masu nauyi ya fi nuna raunin kwayil, fulogi ko famfon mai. Idan aka sa giya a D ko R motar ta daɗe kafin ta kama, ana zargin ƙarancin man giya ko raunin matsinsa. Karkarwa mai kama da bin hanya mai gargada a matsakaicin gudu kan fito daga kuloch ɗin cikin tok-kwanbata, sai dai fulogi mai tsallake wuta ma yakan kawo irinta.

Bincike da na'urar sikana

Tun daga ƙirar 1996, doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin binciken kai na OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu da EOBD, a 2001 ga motocin fetur da 2004 ga na dizal. Soket ɗin tsarin mai ramuka 16 yana ƙarƙashin dashbod a ɓangaren direba. Lambobin da suka fi alaƙa da jinkiri sun haɗa da:

P0300: tsallake wuta a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 na nuna silinda ta 1 zuwa ta 4
P0171 da P0174: iska ta rinjayi fetur
P0101: karatun sensar iska ta MAF ya kauce
P0121: karatun sensar totur ya kauce
P0087: matsin fetur ya yi ƙasa
P0420: katalis ba ya aiki yadda ya kamata
P0700: kwamfutar giyabos ta adana wani laifi
P0741: kuloch ɗin tok-kwanbata ba ya kamawa daidai

Lamba na nuna inda kwamfuta ta ga abu ya kauce, ba ta cewa ga abin da za a sauya. P0171, alal misali, na iya fitowa daga tsagaggen tiyo, dattin sensar MAF ko famfon mai da ya gaji. Saboda haka ƙwararrun makanikai kan duba alƙaluman da sikana ke nunawa yayin da inji ke aiki, musamman gyaran da kwamfuta ke yi wa adadin fetur. Idan ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai abin dubawa. Idan yana da yawa a silo amma ya ragu da aka ɗaga totur, ɓarakar iska ce ta fi yiwuwa. Idan kuwa yana ƙaruwa da gudu, ana duba famfon mai da sensar MAF.

Fitilar gargaɗin inji da ke ƙyaftawa, maimakon tsayawa a kunne, na nufin tsallake wuta mai tsanani da ka iya ƙona katalis. A wannan hali ana son a rage gudu a tsaya.

Sanadai daga inji

Ana farawa da abu mafi arha. Matatar iska kan toshe da wuri a wuraren ƙura, kamar ƙasashen Sahel a lokacin hunturu. Sensar MAF na da siririyar waya mai zafi wadda datti ke rufewa, kuma ana wanke ta ne da feshin da aka yi dominta, ba a goga ta. Maƙogwaron totur kan tara baƙin datti, kuma a wasu motocin sai an sake saita shi bayan wankewa.

Ta fannin wuta, fulogin iridiyam kan kai kilomita 100,000 ko fiye, amma na jan ƙarfe ba ya kusantar haka. Ana gane kwayil marar lafiya ta hanyar musanya shi da na wata silinda: idan lambar laifi ta bi shi, shi ne mai matsala.

Ta fannin fetur, ana auna matsi da geji, wanda a injuna masu fesawa a bakin bawul kan kasance tsakanin ba 3 zuwa 4. Ingancin man ma na da tasiri. Fetur mai ruwa ko datti, irin wanda ake samu a wasu jarkokin bumburutu, na toshe nozul da matatar famfo. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin methanol Najeriya, aka kuma janye shi daga kasuwa bayan ƙorafin masu motoci.

Katalis, wanda makanikai a Najeriya ke kira indomi saboda kamar cikinsa, idan ya narke ko ya toshe yakan riƙe hayaƙi. Motar za ta yi silo lafiya amma ta kasa gudu, musamman a kan hawa.

Sanadai daga giyabos

Ana fara duba man giya bisa umarnin littafin motar. Yawancin motoci ana duba su inji na aiki kuma ya yi zafi, amma Honda da dama ana dubawa ne jim kaɗan bayan an kashe inji, wasu sababbin motoci kuma ba su da sandar gwaji. Lafiyayyen mai yawanci ja ne garau. Idan ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, kuloch na cinyewa. Idan ya koma kamar madara, ruwan lagireto ya shiga cikinsa.

Zuba man da bai dace ba sanadi ne da aka saba gani a motocin hannu. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1, General Motors na da Dexron, Ford na da Mercon, CVT na Nissan kuma na amfani da NS-2 ko NS-3. Zuba man giya na gama-gari a CVT na iya lalata shi. Sauran sanadai sun haɗa da toshewar matatar giyabos, maƙalewar solonoyid da lalacewar sensar gudu. Idan kwamfuta ta ga babban laifi takan kulle motar a giya ɗaya, galibi ta biyu ko ta uku, sai tashi daga tsaye ya yi nauyi ƙwarai.

Dubawa kafin saye

Motocin hannu da ake kira tokumbo ko Beljiyam, waɗanda ke shigowa Afirka ta Yamma ta tashoshin ruwa irin na Legas da Kwatano, galibi ba sa zuwa da tarihin gyaransu. Saboda haka mai saye kan dogara da gwaji. Idan aka murɗa makulli ba a tayar da inji ba, dole fitilar gargaɗin inji ta kama. Rashin kamawarta na iya nufin an cire ƙwanta ko an rufe ta. Sikana kuma na nuna ko kwamfuta ta kammala gwaje-gwajenta na kai. Idan yawancinsu ba su kammala ba, to an goge lambobi ko an cire batir kwanan nan. Gwajin tuƙi ya kamata ya fara da inji mai sanyi, ya haɗa da tashi daga tsaye, hawa, ribas da babbar hanya, ya kuma ɗauki lokacin da zai ishi man giya ya yi zafi, domin zamewar giyabos takan ɓuya har sai man ya tsinke.