Likitan da ya riga mu ganin wannan masifa

Ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo.

Makon jiya na raka yayata daga Argungu zuwa asibitin masu taɓin hankali na tarayya da ke Kware, gaba da Sakkwato, muka kai ɗanta. Shekararsa 22, aikin shinkafa yake yi a fadama. Da tiramol ya fara, wai don ya ji ƙarfin noma, daga nan sai kodin, sai wiwi. Kafin asibiti, sai da ya yi wata huɗu cikin mari a wani gida da ba zan ambata ba. Har yanzu tabon yana ƙafarsa.

Muna zaune muna jiran likita, sai na tuna da wani mutum da na taɓa karanta tarihinsa, Farfesa Tolani Asuni. Na san yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

An haife shi a Legas a 1924. Ya karanta likitanci a Dublin ta ƙasar Ireland, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a Landan, ya dawo gida ya kama aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta. A can ya haɗu da Dakta Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya ɓullo da wani tsari da duniya ta yi ta magana a kai. Maimakon a kulle marar lafiya, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, tare da wani ɗan'uwansa da zai kula da shi. Da safe ya je wajen likita, da yamma ya koma cikin mutane. Masu maganin gargajiya ma ba a kore su ba, jawo su aka yi a jiki.

A cikin wannan aiki Asuni ya lura da samarin da ake kawowa saboda wiwi. Ya bi diddiginsu, a 1964 ya wallafa bincike kan wiwi a Najeriya a mujallar Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi. Ya shugabanci Aro har zuwa 1976, ya zama farfesa a Ibadan, daga 1979 zuwa 1984 kuma ya riƙe wata cibiyar bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Rum. Ya rasu a 2011.

To, me ƙasar ta yi da ilmin irinsu? Shekara biyu bayan binciken nan, a 1966, sojoji suka kafa dokar ɗaurin shekara 10 ga mai shan wiwi. A 1985 aka harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya. A 1989 aka kafa NDLEA. A 2018 aka hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Amma binciken da aka yi a wannan shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Ba ina cewa a bar dillalai ba, wallahi a kama su. Amma shi mai shan fa? Bulala ba ta cire ƙwaya daga jini. Wanda ya saba da tiramol, in aka raba shi da ita dare ɗaya, zufa, amai, ciwon gaɓɓai da rashin barci ne ke mayar da shi. Wannan aikin likita ne.

Abin da ya fi damuna ke nan. Muna da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, muna da asibitin koyarwa. Ƙannena masu karatun likita, kowa tiyata yake so ko fannin mata, don kada a ce masa likitan mahaukata. Don Allah wasunku su ɗauki wannan fanni. Muna da malamai, muna da masu unguwanni, muna da zumunci. Duk abin da tsarin Aro ya dogara da shi muna da shi, likitan ne ya yi mana ƙaranci.

Yaronmu yana samun sauƙi, jiya har ya nemi tuwo. Ku sa shi a addu'a. Wanda ke da irinsa a gida, kada kunya ta hana shi kai shi asibiti. Allah ya shirya mana zuri'a.