Tarihin Ƙwayoyin Cutar Da Suka Sha Tauri

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ya san kafso ja da yalo. Mun ga iyayenmu suna ɓare shi su zuba garin a kan gyambo, mun ga an jiƙa shi a ruwan shan kaji, mun kuma ga 'yan tireda suna baje shi a rana tsaka a kasuwannin Roni da Gwiwa tare da fanado da man zafi. A wancan lokaci guda biyu sun isa su tsayar da gudawa. Yau mutum sai ya shanye kati guda cikin bai lafa ba, sai a ce jabu ne. Sau da yawa kuwa maganin na ƙwarai ne, ƙwayoyin cutar ne suka sha tauri, wuƙar da ke yanka su a da ta daina kama su. Abin da muke so mu bi a nan shi ne yadda masu bincike suka gano cewa ba a asibiti kaɗai ake shan wannan tauri ba, har da ƙasar noma da ruwan sha.

Abin da mai karatu zai fara riƙewa shi ne, akasarin waɗannan magunguna daga ƙasa aka tono su. Bayan Alexander Fleming ya gano fenisilin a jikin fumfuna a 1928, masana suka bazama suna ɗibar turɓaya daga ko'ina. A 1943 aka samo streptomycin, maganin tarin fuka na farko, daga wata ƙwayar halitta mai zama a ƙasa. A 1947 aka samo chloramphenicol daga ƙasar wata gona a Benezuwela; allurarsa mai mai ce aka dogara da ita lokacin sanƙarau na 1996, wanda har yanzu dattawanmu ba su manta da shi ba. Kakan ja da yalo ɗin namu kuwa, a 1948 aka bayyana shi, shi ma daga turɓayar Amurka. Ashe tun fil azal ƙananan halittun ƙasa suke yaƙar juna da waɗannan dafi, kuma inda aka daɗe ana harbi da kibiya, dole a sami masu garkuwa.

Shi kansa Fleming ya yi kashedi a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945, cewa shan maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayar cuta jure masa. Ba a ji ba. Wajen 1950 ma sai aka gano a Amurka cewa in aka barbaɗa kaɗan a abincin kaji suna saurin girma, nan da nan abin ya zama sana'a. Sai a 1969 kwamitin Swann a Ingila ya ja kunne a kai, Tarayyar Turai kuwa ba ta hana ba sai 2006.

A wannan shekara ta 2006 ne binciken ya juya ga muhalli sosai. Gerard Wright da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ɗebo ƙwayoyin halitta iri 480 daga ƙasa, suka gwada su da magunguna 21, suka tarar a matsakaici kowace tana jure wa bakwai ko takwas. A 2011 suka tono ƙasar da ta daskare shekara dubu 30 a arewacin Kanada, suka sami laƙanin jure wa tetracycline a cikinta. Wato taurin ya girmi likita, ya girmi kemis. Babban abin tsoron shi ne, waɗannan halittu ba 'ya'yansu kaɗai suke gadar wa laƙanin ba. Suna miƙa shi ga maƙwabta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Inda duk kashin mutum da na dabba da ragowar magani suka haɗu a ruwa ɗaya, nan ne makarantar. A 2007 Joakim Larsson na Suwidin ya auna ruwan da masana'antun magani ke zubarwa a Patancheru kusa da Haidarabad a Indiya, ya sami ciprofloxacin har miligiram 31 a lita guda, fiye da abin da ake samu a jinin majinyacin da ke shan sa. A 2015 kuma aka gano a aladun Sin wani laƙani mai karya colistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don ranar da komai ya ƙi.

To, ina ruwan Kazaure da Indiya? Mu ba mu da masana'antar magani, amma muna da sauran kayan haɗin. Tun da gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano ta shiga gina madatsun ruwa, Kazaure ta sami dam ɗin Ayuba a gefen gari, kogin Gari kuma ya zama abin noman rani. Alheri ne babba, ba mu musa ba. Sai dai ruwan da ya tsaya wuri ɗaya shi ke karɓar abin da kwatocin gari suka kwaso da damina, a nan shanu ke sha, a nan yara ke wanka, da shi ake ban ruwan tumatir da latas. Dabbar da aka yi wa allura, kaso mai yawa na maganin yana fita ta fitsari da kashi bai lalace ba. Mu kuwa taki dukiya ne a wurinmu. Da bazara kowa na kai kashin kaji da na awaki gona a mangala ko amalanke. A Babura, da ke bakin iyaka da Nijar, garken shanu na shiga da fita, ga kuma kasuwar dabbobi ta Maigatari ba nisa, kuma makiyayi da yawa shi ne likitan dabbarsa. Ba laifin manomi ko Bafulatani muke gani ba: wanda malamin dabbobi ya yi masa nisa, saniyarsa kuma tana kwance, me zai yi?

Sakamakon ya riga ya iso gida. Binciken BARNARDS da Jami'ar Cardiff ta jagoranta daga 2015 zuwa 2018, wanda Asibitin Murtala na Kano ke cikinsa, ya nuna cewa yawancin ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai sabbin haihuwa ba sa jin ampicillin da gentamicin, magungunan da aka saba farawa da su. Mujallar Lancet ta ƙiyasta a 2022 cewa wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na tunkarar lamarin a 2017, na biyu a 2024, duka biyun sun haɗa ma'aikatun lafiya da na gona da na muhalli. A ganinmu dai, aikin da ya fi taɓa tushen abin a yankinmu bai ma ɗauki sunan magani ba. Bayan kwalarar 2021, wadda Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, a watan Oktoba na 2022 aka ayyana jihar a matsayin ta farko a ƙasar nan da ta rabu da yin bahaya a fili, ƙananan hukumominta 27 duka, har da Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Kowace masai da aka haƙa ta rage abin da ruwan sama zai kwasa ya kai dam, ta kuma rage gudawar da ke tura mutane wurin mai ja da yalo.