Goggon Biri Ba Ya Cin Kuɗi

Yau zancen kuɗin gwamnati zan yi mana. Na san wata za ta ce, "To ni ina ruwana, ina ruwan biri da gada?" Ki yi haƙuri ki karanta, in kin kai ƙarshe sai ki yanke hukunci.

A watan Yuni na 2019, bayan ƙaramar Salla, labari ya cika gari wai goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 a gidan namun daji na Kano, wato gidan zu, kuɗin shiga da aka tara a kwanakin Salla. Ranar a nan Ɗanbatta har da masu riƙe ciki don dariya. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Ni dai dariyata ba ta yi nisa ba, don a kwanakin ne muka kwana a wani asibiti, matar ƙanena na naƙuda. Aka miƙo mana takarda: safar hannu, auduga, reza, ruwan ƙari, allura, duk mu sayo a kemis. Bashi muka ci cikin daren, da kasuwar Lahadi ta ci aka kai tunkiyarta aka biya. Wata dattijuwa da ke jinya a gadon kusa da mu ta ce, "Kin gani ko 'yar nan? Ana ciyar da zaki da nama, mu ko maganin ciwon kai babu."

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Shin da gaske zaki ne ya cinye mana kuɗin magani? Don mu gane, sai mun koma baya.

Kakata, Allah Ya ji ƙanta, ta sha ba mu labarin zamanin En'e. A lokacin kowane magidanci na biyan haraji, mai shanu na biyan jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, Sarkin Bai, daga nan sai Baitulmali a birnin Kano. Ta ce in lokacin haraji ya zo gida ba ya zama lafiya. Mace ta yi ta kaɗi, ta sayar da zare da ƙuli-ƙuli, don kada a ci mutuncin maigidanta a bainar jama'a. Da kuɗin nan ake biyan alƙali da ɗan doka, da su aka gina asibitin birni wanda yanzu ake kira asibitin Murtala, da 'yan ɗakunan sha-ka-tafi na gundumomi. Da su kuma ake biyan malamin daji, wanda in ya kama ka kana saran itace ba izini sai tara. Kin ga ke nan tun asali asusu ɗaya ne yake ɗauke da mai ciwo da kuma daji.

A 1967 aka ƙirƙiro jihar Kano, aka ba Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna, ya riƙe har 1975. A zamaninsa kuɗin man fetur suka fara kwararowa, daidai lokacin da fari da ciwon gyaɗa suka durƙusar da dalar gyaɗar Kano. Ya yi madatsun ruwa, irin su Bagauda da Tiga wadda aka gama a 1974, kuma cikin shirin nan ne muka sami madatsar Tomas da ke nan kusa da mu. Shi ya sa kwalejin aikin gona ta Ɗanbatta take ɗauke da sunansa. Shi ne kuma ya gina gidan zu a farkon shekarun 1970. Can kudancin jiha, wajen Tudun Wada da Doguwa, akwai dajin Falgore da Turawa suka keɓe tun shekarun 1940, daga baya aka mai da shi wurin kare namun daji.

Ba zan manta ranar da aka kai mu gidan zu muna firamare ba. Mu da muka tashi a ƙasar da ko'ina gona ce, daga gero sai dawa sai wake, ba mu taɓa ganin kura ba sai a tatsuniya. Iyayenmu sun ce da can akwai barewa da gada a bayan gari, kura na kuka da dare, amma mutane suka yi yawa, noma ya cinye jeji. Ba don gidan nan ba, da har na tsufa ban san yadda jimina take ba.

A 1979 gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Talaka ya yi murna, kuma ya cancanci ya yi, don an sha wulaƙanci. Sai dai wani abu ya biyo baya da ba mu lura da shi ba. Da can kuɗin daga aljihunmu suke fita, muna jin zafinsu. Yanzu galibinsu daga rabon tarayya suke zuwa duk wata, sai muka ɗauke su tamkar kyauta. In an yi mana rijiya mu yi ta godiya, in ba a yi ba mu ce ba rabonmu ba ne. Alhali kuwa kuɗinmu ne, ko ta hanyar mai suka zo, ko ta ɗan abin da ake cira a kan sabulu da katin waya.

Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986. A nan ne muka fara sanin kalmar "babu" a asibiti. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako ta ƙasar Mali, suka amince majiyyaci ya riƙa sayen magani, kuɗin su riƙa juyawa ana sake sayo wani. Mai abin hannu ya saya, marar shi ya koma gida ya jiƙa sassaƙe. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, ta same mu ba shiri. To a shekarun nan namun daji ƙiba suka yi? Ina! Mafarauta da masu gawayi suka shiga Falgore, har daga baya ya zama maɓoyar ɓarayin shanu. Yunwar da ta kama asibiti ita ta kama daji.

Alkawari kam an sha yi. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta don lafiya. A shekarar ce Kano ta fara shirin haihuwa kyauta. A 2017 kuma aka kafa asusun amana na lafiya na jiha. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma mata da yawa sun amfana. Amma rubutu a takarda daban, sakin kuɗi daban, isowarsu gadon mai naƙuda kuma daban.

Ke uwargida kin fi kowa sanin wannan. Akwai maigidan da zai sayo kujeru sababbi don baƙi su gani, amma kuɗin cefane sai an kai ruwa rana. Gini ana ganin sa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Man janareto, albashin ungozoma, maganin zazzaɓi, abincin zaki da takalmin mai gadin daji, su ne cefanen gwamnati, kuma su ba mai zuwa ya tafa musu.

Kada kuma ki ce dabba ba ta da alaƙa da lafiyarki. Tambayi babarki, da can in aka yi yanka a mahauta, ungulaye ne ke sauka su share wurin tas. Yau yaushe rabonki da ganin ungulu? An kashe su da guba, an sayar da kawunansu ga masu tsibbu, mushe kuwa sai ya ruɓe a gefen hanya, ƙudaje su tashi daga kansa su sauka kan abincin yaranmu.

Don haka amsata ga dattijuwar nan ita ce: Baba, zaki bai ci kuɗinmu ba, biri ma ƙage aka yi masa. Kuɗi hannu ne ke ɗaukar su, shiru kuma shi ke ba hannu dama.

To me za mu yi, mu da yawancinmu muna cikin gida? In kin je awo aka karɓi kuɗinki, nemi rasit. In an ce abu kyauta ne aka ce ki biya, tambaya cikin ladabi, ki kuma gaya wa kwamitin lafiya na mazaɓarku. In ana karanta kasafin kuɗi a rediyo kada ki murɗa tasha. In masu neman ƙuri'a suka aiko da atamfa da sabulu, ki ce wa 'yar aiken ta tambayo miki nawa aka ware wa asibitin garinmu bara, nawa kuma aka saki. Sannan ga makarantar ungozoma nan a Ɗanbatta, mu bar 'ya'yanmu mata su shiga, don ranar naƙuda mu sami hannun da ya san mu.

Yarinyar da aka haifa a daren nan yanzu tana makaranta, kuma kullum naci take yi a kai ta ta ga zaki. Na yi mata alkawari. Fatana in ta girma ta tarar da zakin da ransa, ta kuma haihu ba tare da an kai tunkiyarta kasuwa ba. Allah Ya sa mu dace, amin.