Wuri Ya Riga Jirgin Ƙasa Isa Ƙasar Inyamurai

Masu ba da tarihin unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu da Fatakwal sukan fara daga zuwan Turawa. A ganina sun tauye wa wuri haƙƙinsa. Wuri ƙoƙon wata halittar teku ce dangin dodon koɗi, wadda kan lulluɓe ƙoƙonta da naman jikinta, shi ya sa yake fitowa sumul da sheƙi. Ga ƙwari, ba ya ruɓewa, ba kuma maƙerin da zai iya yin jabunsa. A tsibiran Maldibs ake kamo ta, a bar naman ya ruɓe, jiragen ruwa su kwaso ƙoƙon zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Da Bature matafiyi Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Kuɗin da ake ƙirgawa a kasuwar Kurmi su ake karɓa a Bida da Anaca. Saboda haka falken da ya gangara kogin Kwara da kanwa ko hauren giwa yana iya yin ciniki da Inyamuri ko da ba sa jin harshen juna.

Wani zai ce ai Inugu kwal ne ya kafa ta bayan an gano shi a 1909, Fatakwal kuma tashar fitar da shi ce, kuma a yankinta awarwaron tagulla ne kuɗi har 1948. Haka ne. Amma layin dogon da ya haɗa su kaya da mutane yake ɗauka, ba ya koya wa kowa bashi da amana. Dillalan shanu da fatoman baƙi na waɗannan garuruwa sun gaji tsarin da fatake suka gina tun zamanin keso, buhun wuri 20,000. Wani kuma zai ce wuri ya karye tun kafin nan, domin daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus sun cika kasuwa da wurin Zanzibar har darajarsa ta zube. Wannan ma gaskiya ne, sai dai kuɗin ne suka faɗi, hanyar ba ta toshe ba. Da sulalla suka zo, abokan ciniki sun riga sun san juna, sun san wanda ake ba bashi.