Zaƙi, Hukuma da Zaɓin Talaka: Tarihin Kayan Sha a Ƙasar Kankiya da Kusada

Gabatarwa

A ranar 31 ga Disamba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Kuɗi ta 2021, wadda ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran kayan sha masu zaƙi da kamfanoni ke yi. An fara karɓar harajin a tsakiyar 2022. Tun daga lokacin ake muhawara a kan ko hukuma na da hurumin shiga tsakanin mutum da abin da ya ga dama ya sha da kuɗinsa. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihi, ta ɗauki ƙasar Kankiya da Kusada a tsakiyar Jihar Katsina a matsayin misali, domin a ga yadda zaƙi ya shigo cikin abin shan jama'a, da hanyoyin da mahukunta suka bi a kan abin sha tun zamanin Jihadi.

Zaƙi Kafin Zuwan Sukari

Kankiya, wadda ke kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, da maƙwabciyarta Kusada ƙasar noman gero da dawa da gyaɗa ce, ga kuma kiwo. Don haka abin shan mutanen yankin tun asali shi ne fura da nono, da kunun tsamiya, da kunun kanwa, da koko. Mafi yawan waɗannan tsami ko gishirin kanwa ne ɗanɗanonsu. Idan ana son zaƙi sai a nemi zuma, ko mazarƙwaila da ake dafawa daga ruwan rake, ko garin ɗorawa, ko maɗi da ake yi da ɗinya ko takanɗa. Shi kansa kunun zaƙi, da tsiron hatsi da dankali ake fito da zaƙinsa.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan suna da lokaci kuma suna da wahalar samu. Ɗorawa da ɗinya sai sun nuna, rake sai a fadama, zuma kuwa Hausawa na cewa kowa ya sha ta ya sha harbi. Saboda haka zaƙi abin marmari ne na biki da suna da salla da buɗe-baki, kuma ƙarancinsa ne ya yi masa iyaka ba tare da wata doka ba.

Shigowar Sukari da Lemon Kwalba

Kalmar sukari daga Larabci aka aro ta, wanda ke nuna cewa Hausawa sun san shi ta hannun fataken Sahara kafin zuwan Turawa, amma a lokacin kayan sarakuna ne da attajirai. Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, kuma jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kantunan Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka riƙa kawo sukari mai ƙwara da ganyen shayi. Manomi ya sayar da gyaɗa, ya sayi yadi da kananzir da sukari. Daga baya aka kafa kamfanonin sukari a cikin gida, kamar na Bacita a shekarun 1960 da na Numan, sannan matatar Dangote da ke Apapa ta fara aiki a 2000.

Shi kuma lemon kwalba ya faro ne daga Legas. An kafa kamfanin da ke yin Coca-Cola a Nijeriya a 1951, na Seven-Up kuma ya fara aiki a 1960. Arzikin man fetur na shekarun 1970, da titunan kwalta, da isowar lantarki da firji su suka kai shi garuruwa irin su Kankiya. Nan da nan ya samu gurbi a al'ada: da shi ake tarbar baƙo mai daraja, da shi ake zuwa dubiya asibiti, kuma ana lissafa kiret-kiret ɗinsa cikin hidimar biki. Har ila yau, teburin mai shayi ya zama majalisar matasa, zoɓo da kunun zaƙi kuma suka koma ana zuba masu sukari ana ƙullawa a leda ko a zuba a roba.

Hanyoyi Uku na Hukuma

Idan aka bi tarihi za a ga cewa mahukunta a ƙasar Katsina sun bi hanyoyi uku game da abin sha.

Ta farko ita ce hani. Bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, giya ta zama abin da Shari'a ta haramta wa Musulmi, ko da yake Maguzawa sun ci gaba da dafa tasu a ƙauyukansu. Turawa ma, bisa yarjejeniyar Burasel ta 1890, sun hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai a Arewa. A 2000 kuma, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jihar Katsina ta dawo da aiki da Shari'a, hanin ya ƙara ƙarfi. Jama'a sun karɓi wannan hani ne domin tushensa addini ne.

Ta biyu ita ce sa ido. A tsarin Daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai lura da mudu da sikeli da algus a kasuwa. A zamanin En'e aka samu duba-gari, waɗanda ke leƙa randuna da rijiyoyi da rumfunan masu abinci. Hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ta gaji wannan aiki a kan kayan kamfani. Wannan hanya ba ta hana mutum saye, tana tabbatar da cewa ba a cuce shi ba ne.

Ta uku ita ce haraji, kuma ita ce talaka ya fi yi wa kallon zargi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan Haɓe a kan jangali da kuɗin gari da abin da ake ƙwace wa 'yan kasuwa. Haka kuma dattawan Kankiya da Kusada ba su manta da yadda aka yi murna ba a 1979, lokacin da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna ya soke haraji da jangali. Harajin lemo na 2021 a wannan rukuni ya faɗo.

Muhawarar 'Yancin Zaɓi

Masu goyon bayan harajin sun kafa hujja da lafiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a yini, wato kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga baligi. Robar lemon kola guda mai rabin lita ta kai wannan adadi. Yawan shan irinsa na jawo ƙiba da ruɓewar haƙori, yana kuma ƙara haɗarin ciwon sukari, cutar da kan kai ga makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa. A ganinsu, idan magidanci ya kwanta, iyalinsa da asibitin gwamnati ne ke ɗaukar nauyin, don haka lamarin ya wuce nasa shi kaɗai.

Masu adawa, ciki har da Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, sun ce harajin zai taɓa ayyukan yi, kuma talaka ne zai biya. Wasu kuma suka ce lemo halal ne, baligi mai hankali ba ya bukatar a riƙe masa hannu.

Ba a Nijeriya kaɗai aka yi wannan ja-in-ja ba. A 2012 magajin garin New York a Amurka, Michael Bloomberg, ya nemi hana sayar da lemo a kofin da ya wuce kimanin rabin lita a gidajen abinci, amma a 2014 kotu ta soke dokar, ta ce hukumar lafiyar birnin ta wuce huruminta. Ƙasashen da suka bi hanyar haraji, kamar Meziko a 2014, da Ingila da Afirka ta Kudu a 2018, nasu ya ɗore, domin haraji bai ɗauke zaɓi daga hannun mai saye ba.

Yadda Abin Ya Shafi Kankiya da Kusada

Naira 10 a lita na nufin naira 5 a kan robar rabin lita. Tsadar kayayyaki da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta shanye wannan ƙari har ba a jin sa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 2016 cewa sai farashi ya tashi da kashi 20 cikin 100 kafin a ga raguwar sha sosai. Bugu da ƙari, harajin bai shafi zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya da mata ke yi a gida suna ba yara talla ba, bai kuma shafi cokulan da mai shayi ke zubawa a kofi ba. Wannan sana'a ce da mata da yawa ke rufa wa kansu asiri da ita, kuma babu hukumar da za ta iya auna sukarin kowace tukunya.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa mutanen wannan yanki kan karɓi hani idan addini ne ya zo da shi, su yarda da sa ido idan zai kare su daga algus, su kuma yi tsaye a kan haraji har sai sun ga inda kuɗin ya tafi. Lemo ba giya ba ne, don haka hani ba zai karɓu ba. Abin da ya rage shi ne a sa kuɗin harajin cikin gwaji da maganin ciwon sukari a asibitoci irin Babban Asibitin Kankiya, sannan ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya da hakimai da limamai su riƙa bayyana wa jama'a yawan sukarin da ke cikin kwalba guda. Mutumin da ya san haka, in ya sha ya sha da saninsa, in ya bari ya bari da saninsa, kuma rigakafi ya fi magani.